Ƙafar Sa'ade da Facaloli Uku

To, tunda an idar da la'asar kuma rana ta yi sanyi, ku gyara zama in ba ku wani labari. Mai jin gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

A wani ƙauye da ake kira Marken Tudu, can ƙetaren gulbi, akwai wani babban gida na 'yan'uwa maza huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sashensa da matarsa, tukunya kuwa ɗaya. Uban ya rasu, uwar tana nan, Iya Tabawa, tsohuwa mai tsafta da faɗa, wadda ba ta taɓa yarda cewa akwai ciwon da ya fi ƙarfin ruwan zafi ba. Matan 'ya'yan nata, wato facalolin juna, su ne Barira matar babban, sai Kubura, sai Sa'ade, sai amaryar gidan, Laure. Labarin na Sa'ade ne.

Shekarar Sa'ade tara a ɗakin Haladu, direban babbar mota mai kai albasa Kudu. Ciki huɗu ta yi, babu wanda ta goya. Uku sun zube tun ba su kai ko'ina ba, na huɗun ya kai wata bakwai ya koma a ciki. Tun daga nan ta daina leƙa kayan jarirai a kasuwa, in an yi haihuwa a maƙwabta ta je barka da fara'arta, ta dawo ta rufe ƙofa. Da ciki na biyar ya samu ba ta gaya wa kowa ba sai da zane ya gaya musu. Ya kai wata shida lafiya, yana motsi, ita kuwa kullum da fargaba take kwana da fargaba take tashi, don ta san wannan cikin shi ne duk abin da take roƙo.

Wata safiya a tsakiyar damina, Haladu yana Kudu, ta sauko daga gado ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Ta duba ta ga ƙafar ta kumbura daga ƙwauri har cinya, ta yi sheƙi, ga zafi kamar an kara ta a murhu. Iya Tabawa ta leƙo, ta duba sau ɗaya, ta yanke hukunci: kumburin masu ciki ne, ruwa ne ya taru. Ta ce a ɗora ruwan zafi, a kawo man shanu, a kira Barira ta tausa ƙafar ta sauka.

Ita Barira 'yar ungozoma ce, kuma ta gaji hannun uwarta. Daga ƙauyuka ake kawo mata masu targaɗe da masu ciwon baya, ta murza su su tafi suna sa albarka. Ta zo ta durƙusa, ta ɗora tafinta a kan ƙafar, ta ɗora ɗaya a kan ta daman. Sai ta janye hannayenta ta cusa su cikin zane.

Ta ce, "Iya, wannan ƙafar ba ta tausa ba ce. Kumburin ciki ƙafa biyu yake kamawa, kuma ba ya zafi haka."

Iya Tabawa ta ce, "Yau kuma ke ce za ki koya mini kumburi? Ni da na haifi mijinki?"

Sa'ade kanta, da azaba ta ishe ta, ta kama roƙo: "Yaya Barira, don Allah ko kaɗan ne ki murza mini."

Nan Barira ta faɗi abin da ta shekara goma sha huɗu ba ta faɗa wa kowa a gidan ba. Ƙanwarta da suke ciki ɗaya ta taɓa yin irin wannan ƙafar bayan haihuwa. Ita Barira ce ta zauna ta tausa ta da duk gwanintarta, tana jin daɗi ana yaba mata. Kafin ta gama wanke man da ke hannunta, yarinyar ta dafe ƙirji, ta yi haki kaɗan, ta cika. Sai bayan shekaru wata ma'aikaciyar asibiti ta bayyana mata cewa jini ne yake daskarewa a cikin jijiya ya zama guda, in aka murza ya ɓantare, jini ya kwashe shi ya kai huhu ya toshe. Ta ba da labarin idonta a ƙasa, muryarta ba ta ko rawa, sai dai ruwan da ke bin kumatunta.

Kuna tsammani tsohuwa ta sauko? Ina. Cewa ta yi wancan ajali ne, wannan kuwa kumburi ne, in Barira ta ƙi, akwai wanzami, a zo a yi ƙaho a zuƙe mataccen jinin. Aka kira wanzami, ya iso da zabirarsa, ya tarar da Barira zaune a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, amma ba ta gusa ba. Ya tsaya, ya gyara murya, ya sake tsayawa, ya ga dai ba tsallake matar mutane zai yi ba, ya ce a gai da mai jiki ya juya. Macen da duk garin ya san ta da hannu, ranar ba ta motsa ko yatsa ba, ta kuma hana Sa'ade taka ƙasa ko da zuwa bayi ne. Ta sha baƙar magana daga surukarta har ta ƙoshi. Sa'ade ma, gaskiya, a ranta ta ji haushinta, don ita dai abin da ta sani ƙafarta na ci mata rai an hana ta sauƙi. Abin da Barira ke maimaitawa ɗaya ne, a kai ta asibiti yau.

To, asibiti yana ƙetaren gulbi, gulbi kuwa ya kawo. Kwana uku ana ruwa, ya cinye fadama, ya hau gonakin gefe. Mai fito ya ƙetara da jirginsa tun da sassafe, da ya ga yadda ruwan ke ƙaruwa ya ɗaure jirgin a can ya ƙi dawowa. Aka aika gona mazan gidan suka zo, mutanen kirki, amma manoman tudu ne, babu wanda ya iya iyo ko a kududdufi. Aka sami Haladu a waya, tsakaninsa da gida tafiyar kwana biyu ce. Suka tsaya a bakin zaure suna shawara, shawarar ta tsaya a kan a jira ruwa ya janye, gobe ko jibi.

Kubura tana jin su. Ita 'yar masunta ce, a cikin jirgi ta yi rarrafe, amma tun da aka kawo ta Marken Tudu shekara goma sha biyu ba ta taɓa filafili ba, sai muciya. Mace ce mai jiki da dariya, muryarta har bayan gida, kowa ya ɗauke ta mai wasa. Ta shiga ɗakin Sa'ade da niyyar yi mata barkwanci, sai ta lura da abin da ya kashe mata dariyar: Sa'ade ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta fito, ta kwance goyonta ta miƙa wa Iya Tabawa, ta sha ɗamara, ta tsaya gaban mijinta.

Ta ce, "Malam, ka ba ni izini in ƙetara da ita. In ba ka shirya bayarwa yanzu ba, ka ajiye mini shi in karɓa in na dawo."

Akwai wani tsohon kwalekwale na mai fito da aka kife a gindin bishiya, gefensa a tsage. Kubura ta cusa tsummoki a tsagar, ta narka kwalta ta liƙe. Aka ɓalle ƙyauren ɗaki aka kwantar da Sa'ade a kai, maza suka ɗauka har bakin ruwa, Barira tana gefe tana tsare ƙafar kada ta bugu. Jirgin mutum uku kawai zai ɗauka, sai aka sa Laure, da yake ba ta da nauyi, ta shiga da ƙwarya don kwalfar ruwa. Kubura ba ta doshi ƙetare kai tsaye ba. Sai da ta sa aka ja jirgin da igiya ta gefen gaɓa, aka yi sama da shi tafiya mai nisa, mutane suna cewa matar nan ta manta inda asibiti yake, sannan ta tura shi cikin ruwa ta bar igiyar ruwan ta kwaso su a karkace.

Sa'ade tana kwance tana kallon sama, tana jin ruwa na dukan katakon da ke ƙarƙashin bayanta. A tsakiyar gulbi wani abu ya soke ta a ƙirji, tari ya sarƙe ta, numfashi ya yi mata nisa. Ta ɗora hannu a cikinta, ta ji ɗan yana motsi, ta fara kalmar shahada. Kubura ba ta waiwayo ba, don ga wani kututturen itace ruwa ya ɗauko yana nufo su, amma bakinta bai mutu ba.

Ta ce, "Yi shahadarki, ba ta hana rai. Amma kada ki kuskura ki mutu mini a jirgi, Sa'ade, ba mu taɓa yin haka a gidanmu ba. Ja numfashi a hankali. Ke kuma amarya, kwalfa, ba kuka aka ɗauko ki yi ba."

Ta kauce wa kututturen da ƙyar, ya goge gindin jirgin ya wuce. Da suka taɓa gaɓa, tafin hannunta duka biyu ya saɓule, jini na bin filafilin. Mai fito da ke tsaye a can ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ruga ya nemo mota. Kafin la'asar Sa'ade tana kan gadon babban asibiti, an ɗaura mata iskar numfashi.

Likitar mace ce mai ƙaramin jiki da saurin magana. Ta ɗauki hoton ƙafar, ta ce gudan jini ne dogo a babbar jijiya, wani ɗan ɓangare ya riga ya ɓantare ya kai huhu, shi ne sukar da ta ji a ƙirji. Ta tambaya ko an tausa, Laure ta ce an so a yi, an hana. Ta ce wadda ta hana Allah ya saka mata. Ta tambaya wa ya kawo ta cikin wannan ruwa, aka nuna Kubura da ake naɗe wa hannu, ta ce da an kwana ana jira da wuya a ga safiya da ita. Bayan gwaje-gwaje ta ƙara da wata magana: jinin Sa'ade mai saurin daskarewa ne, kuma mai yiwuwa shi ne ya riƙa toshe wa 'ya'yanta hanyar abinci a ciki. Sa'ade ta juya fuska bango ta yi kuka mai yawa. Shekara tara tana zargin kanta, tana jin ana raɗa iska da sammu, ashe abin yana da suna kuma yana da magani.

Maganin allura ce mai tsinka jini, a fatar ciki, safe da yamma, kullum, har zuwa haihuwa. Marken Tudu babu ko kyamis, balle mai allura. Likita ta ce ko a sami wanda zai koya, ko Sa'ade ta zauna a asibiti wata uku. Kowa ya dubi Laure, don ita ce ta yi makaranta har aji uku na sakandare, tana karanta takarda tana duba agogo. Sai dai Laure in za a yanka kaza ɗaki take shigewa ta toshe kunne. Nas ta ba ta lemo ta yi ta soka har ya zama rariya, sannan aka ce ta gwada a jikin mutum. Ta soka, ta zare, ta fashe da kuka, Sa'ade ce ma ta koma lallashinta.

Daga ranar ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Da suka koma gida ta tona rami a jiƙaƙƙen yashin gindin randa ta ajiye maganin don sanyi. Hantsi in ya yi tana bakin ƙofa, magariba in ta yi tana bakin ƙofa. Aikinta babu gulbi a cikinsa, babu 'yan kallo, sai naci. Wahalar ma ba allurar ba ce, mutane ne. Bayan sati uku kumburi ya sauka, cikin Sa'ade ya yi tabo baƙi-baƙi ko'ina, ta gaji, ta ce ai ta warke. Iya Tabawa ta ce wace irin jinya ce wannan da ake huda ciki da ɗa a ciki. Rannan Sa'ade ta sulale gidan maƙwabta don ta huta ko na yini ɗaya, Laure ta bi ta da allura a cikin gyale, ta zauna tana murmushi har hira ta ƙare. Aka yi bikin yayan Laure a garinsu, kwana uku ne kawai, ta aika da gudummawa ta ƙi zuwa. Da watan haihuwa ya kama, likita ta ce su dawo kusa da asibiti, Laure ta bar angonta da ko shekara ba su yi ba, ta bi Sa'ade gidan wata gwaggonsu a birni.

Akwai gargaɗi ɗaya da likita ta nanata musu: ranar da naƙuda ta fara kada a yi allurar, a taho nan take, don jinin da aka tsinka ba ya son tsayawa. Amma kun san tarbiyyar matanmu, an koya musu naƙuda ba abin faɗa ba ce, mace ta cije har sai abu ya zo gab. Ita Sa'ade kuma tana da nata dalilin, don duk ranar da ta taɓa cewa marata na ciwo, da hannu wofi ta ƙare. Ran nan ciwon ya fara mata tun sallar asuba, ta yi gum, tana gaya wa kanta ƙila iska ce.

Da hantsi Laure ta shigo da allura. Ta ga kokon da ta kawo yana nan ya yi sanyi, ta ga carbi na gudu a hannun Sa'ade fiye da kullum. Ta kama fatar cikin za ta soka, sai ta ji cikin ya ɗaure tamau a ƙarƙashin yatsunta, ya jima, ya saki.

Ta ce, "Yaya, naƙuda ce?"

Sa'ade ta ce, "Yi allurarki kawai."

"Yaya, dube ni ki ce ba ita ba ce."

Sa'ade ba ta dube ta ba. Laure ta mayar da murfin allurar, karo na farko cikin kwana tamanin da wani abu, ta fita titi ta tare adaidaita. A asibiti aka duba aka ga ɗan ya gicciye, ba makawa sai tiyata, kuma ba da jimawa ba. Tambayar farko da likita ta yi ita ce yaushe aka yi allurar ƙarshe. Laure ta ce jiya da magariba, ta safe ba a yi ba. Likita ta sauke numfashi ta ce a shiga da ita. Bayan azahar aka fito da 'ya mace, ƙarama, mai ƙarfin murya, uwar kuma jininta ya tsaya inda ya kamata.

Ranar da suka dawo Marken Tudu, kwana ɗaya kafin suna, Sa'ade ta zauna a gadonta da 'yar a cinya, tana duban facalolinta suna shige da fice da ruwan wanka da kunu, godiya ta cika mata ƙirji. In ta buɗe baki sai hawaye ya riga magana. Haladu, wanda ya yi ta zarya tsakanin Kudu da asibiti duk watannin nan, ya ce bisa al'ada sunan Iya ya kamata a sa. Tsohuwa ta ce, "Ni da na kira wanzami? Ku ji tsoron Allah. Ku sa sunan wadda ta tsare mini jikata." Haladu ya ce to, zaɓi na Sa'ade ne, ita ta san abin da ta gani.

Nan gida ya rabu uku. Masu bin Barira suka ce da ta murza ƙafar nan kamar yadda uwar gida ta umarta kuma mai ciwon ta roƙa, da ba a kai ga maganar jirgi ba, da kabari aka tona kafin azahar. Ta tona asirin da ya fi ci mata rai, ta tsaya gaban surukarta, abin da babu matar gidan da ta taɓa yi.

Masu bin Kubura suka ce hanawa ba warkarwa ba ce. Da an bar Sa'ade kwance da ƙafarta ba a taɓa ba har ruwa ya janye, da gudan jinin ya ƙarasa aikinsa da kansa. Kuma cikin su ukun ita ce ta fara sayar da ranta, ta bar jariri na shan nono ta shiga ruwan da mai fito ya guda.

Masu bin Laure suka ce waɗancan yini ɗaya suka yi, ita wata uku ta yi, tana yin abin da take tsoro sau biyu a rana, ana harararta. Kuma ba don ita ba, da an tsira daga gulbi an zo an rasa uwa da 'ya a ranar ƙarshe, saboda allura ɗaya.

Su kuwa masu abin kowace sai ture yabo take yi. Barira ta ce ita hannu kawai ta naɗe. Kubura ta ce tuƙi ai wasan yarintarta ne. Laure ta ce abin da likita ta faɗa ta bi. Amma kada wannan kawaici ya ruɗe ku. Barira maza biyar ta haifa, ba ta da mace. Kubura tun a asibiti take kiran jaririyar fasinjata. Laure kuwa an ga 'yar hula da safa da ta saƙa ta ɓoye a ƙasan akwati. Kowace tana so, kuma Sa'ade ta sani.

Na ga wani yana motsa baki zai ce a jira sauran haihuwa a raba musu. Likita ta ce wani cikin sai an yi shawara mai tsawo, mai yiwuwa wannan ce kaɗai. Wani zai ce a haɗa sunayen uku, to liman suna ɗaya yake raɗawa, kuma ko an jera uku da ɗaya za a riƙa kira.

Gari ya waye, zaure ya cika, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure, liman ya gyara zama yana jira. Haladu ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Wane suna zan kai musu?" Sa'ade ta ɗaga kai. Ga Barira a bakin gado, ga Kubura a tsaye da tabon filafili a tafinta, ga Laure ta shigo da allurar safe, don har yanzu ba a gama ba.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, wace ce a cikin su ukun ta fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan sunanta?